Mijina yana bakin daga, ɗanmu yana jinya: in gaya masa ko in ɓoye?

Tambaya

Wata baiwar Allah daga cikin garin Bauchi ce ta aiko da wannan. Mijinta soja ne, wata goma sha ɗaya ke nan yana bakin daga a Borno. Ɗansu mai shekara uku yana da sikila, kuma tun shigowar hunturu sau biyu ana kwantar da shi, a na biyun har sai da aka yi masa ƙarin jini. Surukarta ta hana a gaya wa uban, ta ce kada a raba masa hankali alhali yana riƙe da bindiga. To ga shi yanzu ya tsargu. Da tsakar dare yake kira, ya ce ba ya iya barci, har ya fara cewa zai taho ko da fas, wato takardar izinin tafiya gida, ko babu. Ta ce: "Malam, in ci gaba da ɓoyewa ne, ko in saɓa wa Hajiya?"

Amsa

Ƙanwata, Allah Ya ba yaro lafiya, Ya ba ki ladan jinya, Ya dawo miki da maigida da ƙafafunsa. Ki gaya masa. Cikin makon nan, kuma da bakinki. Sai dai akwai yadda ake faɗa, akwai kuma abin da za ki tanada kafin ki ɗauki waya, a nan ne zancen zai yi tsawo. Shekara 35 na yi ina aikin jinya cikin kaki, daga Laberiya da Saliyo har Maiduguri, kafin in ajiye aiki in zauna nan Bauchi. Na taɓa zama inda mijinki yake zaune yau, na kuma kwana a tsaye bakin gadon yara irin naki.

Hajiya ba mugunta take yi ba, uwa ce, ɗanta take tsoron rasawa. Kuskurenta ɗaya: ta ɗauka wanda ba a gaya wa ba hankalinsa kwance yake. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to soja ba ya ganin fuskar kowa, sai ya koma tambayar murya. A yawancin sansanonin daji wuri ɗaya ne tak ake samun sabis, kan wani ɗan tudu ko saman wata mota da ta mutu. Da la'asar za ki ga maza sun taru a wurin, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. In layi ya shiga, minti uku ne ko huɗu. Cikin mintocin nan ba "lafiya lau" ɗinki yake saurare ba, abin da ke bayanki yake saurare. Ya san sautin gidansa: injin markaɗen maƙwabta, ladanin masallacin layinku, zakaran da ba ya sanin lokaci. Ranar da ya kira ya ji ƙarar gadon ƙarfe da muryar wata tana kiran sunayen masu karɓar magani, kika ce masa kina gidan suna, ya yi shiru ne kawai. Ba yarda ya yi ba.

Ni kaset ne ya tona asirin gidana. A 1998 muna Saliyo ƙarƙashin Ekomog, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, babu wayar hannu, saƙo sai in wani ya dawo daga Najeriya. Iyalina sukan zauna gaban rikoda su cika kaset da gaisuwa, a naɗe shi cikin takarda a ba mai tafiya. Wannan karon kowa ya yi magana, mahaifiyata, uwargida, yaran maza, har maƙwabcinmu mai shayi. Ƙaramar 'yata mai shekara biyu, wadda ta saba fizge rikoda tana gwaranci, ita ce ban ji ba. Uwarta ta ce, "Ta yi barci." Sau uku na mayar da kaset ɗin baya ina sauraren yadda ta faɗi kalmomin nan. Bayan kwana tara wani kofur ya iso daga gida, ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Oga, ya jikin yarinyar? Ranar da na baro bariki an ce ta fara buɗe ido." Ƙyanda ce ta kwantar da ita, har ta rufe mata ido kwanaki. Kowa a bariki ya sani sai ni ubanta.

Yarinyar ta warke, yau ita ma uwa ce. Abin da bai warke da wuri ba shi ne kunnena. Wata da watanni duk kaset ɗin da ya zo da "kowa lafiya" sai in ji ƙirjina ya buga, don kalmar ta riga ta zama fanko. Cikin makon da na ji labarin, na zuƙi allura a sirinji zan yi wa wani soja, sai da abokin aikina ya riƙe mini hannu ya nuna mini kwalbar. Ba maganin da aka rubuta ba ne. Abin da Hajiya take gudu, wato hankalinsa ya rabu a bakin aiki, ɓoyewar ce take kawo shi. Mutumin da ke gadi daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, shi kaɗai da duhu, in bai san abin da ke gidansa ba zuciyarsa ba za ta kawo masa zazzaɓi ba, makara za ta kawo masa. Kuma ki tuna a bariki ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar wani ta gan ki a asibiti, ta gaya wa mijinta, mijinta yana rami ɗaya da naki. Labarin zai isa, abin da ya rage a hannunki shi ne ta bakin wa zai isa, kuma da wane fasali.

Na ƙara ganin wannan a 2013. A watan Mayu na shekarar aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, Borno ta yi watanni babu sabis. Muka koma wasiƙa, ana ba direbobin da ke bin Damaturu da Potiskum da Darazo zuwa Bauchi. Waɗanda suka fi yi mini sallama da dare suna neman maganin barci ba waɗanda aka rubuto wa mummunan labari dalla-dalla ba ne. Wanda aka ce masa matarka ta haihu da tiyata, ta zubar da jini, an ƙara mata leda biyu, yau kwana huɗu tana cin abinci, yakan yi alwala ya yi nafila ya kwanta. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin a bakin direba, wasiƙa kuma ta zo da layi biyu, shi ne ke kwana zagaye. Kakanninmu 'yan Boma, dakarun runduna ta 81 da ta 82 da Turawa suka kwasa a jirgin ruwa zuwa Yaƙin Duniya na Biyu a 1943 da 1944, ba su da zaɓi. Wasiƙa sai an nemi mai rubutawa da mai karantawa, ta yi watanni a hanya, da yawansu sai a 1946 suka dawo suka tarar da kaburburan da ba a gaya musu ba. Ke kuwa waya tana hannunki.

In Hajiya ko wani cikin dangi yana ganin damuwar namiji da jinyar iyalinsa rauni ne, a tuna masa Badar. A shekara ta biyu bayan hijira Sayyidina Usman bai fita yaƙin ba, Annabi (SAW) ne da kansa ya umarce shi ya zauna jinyar matarsa Ruƙayya, ya kuma ce yana da lada da rabon ganima irin na wanda ya halarta. Yana cikin Bukhari. Ruƙayya ta rasu daidai lokacin da albishirin nasara ya iso Madina. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, bayan ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da dare, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sannan ya hana a riƙe mayaƙi nesa da gida fiye da wata huɗu, a wata ruwayar shida. Ku kuna wata na goma sha ɗaya. Ba ke ba, ba shi ba, babu wanda za a zarga don ya gaji.

Yanzu ga yadda ake faɗa. Kada ki fara da "akwai maganar da nake so mu yi," kada ki fara da "ka yi haƙuri," kada ki fara da kuka. Layin nan yana iya yankewa a daƙiƙa ta ashirin ya bar shi da rabin jimla har kwana uku. Saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ne farko, wato halin da yaro yake ciki a yau. Tarihi ya biyo baya. Kamar haka:

"Baban yara, ga shi nan kusa da ni yana wasa, ya ci abinci, babu zazzaɓi. Amma akwai abin da na ɓoye maka, kuma ban kyauta ba. Sau biyu aka kwantar da shi cikin sanyin nan, a na biyun jininsa ya yi ƙasa aka ƙara masa. An sallame mu ranar kaza, za mu koma ganin likita ranar kaza. Daga yau ko ciwon kai ya yi zan gaya maka."

Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi faɗa in zai yi. Haƙƙinsa ne. Kada ki jingina laifin ga mahaifiyarsa, ko da ya tambaya ki ce shawara aka yi don tausayinsa, kuma an gane ba daidai ba ne. Mutumin da ke daji ba ya buƙatar a buɗe masa fagen daga na biyu tsakanin matarsa da uwarsa. Ki kuma tambaye shi tukuna ko yana hutawa ne ko suna shirin fita. In ya ce suna shirin fita, ki gaya masa yaro lafiya yake yau, in dai gaskiya ne, sauran ya jira dawowarsa. Jinkirin kwana biyu daban, ɓoyewa daban.

Bayan nan ki koyi ba shi labari da lamba, don soja da rahoto ya saba. "Da sauƙi" ba ta da ma'auni, ana faɗinta har a bakin kabari. Amma "zafin jikinsa 36.8, ya sha ruwa kofi biyar, ya yi fitsari sau huɗu, ya taka da ƙafarsa" magana ce da zuciya take iya zama a kanta. Wannan ya kawo mu ga jinyar kanta, domin rahoto ba ya kwantar da hankali sai in da aiki a bayansa.

Sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar cutar daga ɓangare ɗaya kawai na iyayensa, kuma ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a Najeriya. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake. In sanyi ya kama shi, ko ruwan jikinsa ya ragu, ko zazzaɓi ya shige shi, ƙwayoyin sai su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da kike gani ke nan. Hunturun Bauchi ya haɗa biyu daga cikin ukun, ga sanyin asuba ga busasshiyar iska, kuma yara ba sa neman ruwa in ba zafi. Ki ware masa gora tasa ki riƙa bin sa da ita. Wanka da ruwan ɗumi, da hantsi ba da asuba ba. Safa da hula da rigar sanyi tun magariba. Gidan sauro ko da rani, domin zazzaɓin cizon sauron da zai kwantar da wani yaron kwana biyu shi yana iya cinye masa jini cikin dare ɗaya. Magungunan kullum da aka saba ba su, folik asid da Paludrine, da penisilin har ya kai shekara biyar in likita ya rubuta, kada a tsallake don ya warware. Tunda an kwantar da shi sau biyu a ɗan tsakani, ki tambayi likitan yara a kan maganin haidiroksiyuriya, wanda yake rage yawan tashin ciwon, da kuma hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD, wanda ake so a riƙa yi wa masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 don gano mai haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta faru. Kada ki saya masa maganin ƙarin jini na kemis. Yawancinsu sinadarin ƙarfe ne, shi kuwa ba ƙarfe ya rasa ba, wanda ake yi wa ƙarin jini ma yawa yake yi masa. Tsaga da ƙaho kuma, ko wace tsohuwa ce ta kawo shawarar, a ba ta haƙuri.

Abu biyu nake so ki mallaka. Na farko ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada, kowane babban kemis yana da shi. Na biyu, ki san awon jininsa na lokacin da yake lafiya, wanda ake kira PCV, ki rubuta a bangon katinsa. Yaron da ya saba zama a 24, in aka auna aka ga 22 ba abin firgita ba ne, in aka ga 15 magana ta canza. Likitan da bai taɓa ganinsa ba, ƙarfe ɗaya na dare, lambar nan ce za ta gaya masa inda aka kwana.

Akwai alamomin da in kin gan su ba a jiran gari ya waye, ba a jiran layin Borno ya shiga. Zafin jiki ya kai 38. Numfashi da sauri, a shekarunsa 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ciwon ƙirji, ko haƙarƙari na lotsawa. Tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari fat, ya yi laushi, ciki ya kumbura ta hagu. Wannan saifa ce ta tara jinin, ta fi kama ƙanana irinsa, kuma cikin sa'o'i take kisa. Ki sa nas ta koya miki taɓa saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, minti biyu ne ki iya. Sai karkacewar baki, ko hannu ko ƙafa su ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, ko jijjiga. Sai ciwon da maganin gida bai taɓa shi ba, ko ya ƙi shan komai. Ɗaya daga cikin waɗannan, ki ɗauke shi sai sashen gaggawa na yara a asibitin koyarwa na ATBU, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi. Wadda take Gombe, asibitin koyarwa na tarayya. Ƙari a kan haka, daga Disamba zuwa Afrilu lokacin zazzaɓin Lassa ne, kuma Bauchi tana cikin jihohin da ya fi kamawa, don haka zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a jikin yaro ne ko naki ko na Hajiya, a koma asibiti, kada a canza kemis.

Akwai abin da ya fi kashe yaran sojoji da matansu fiye da rashin magani, kuma ba a cika faɗinsa ba: jiran izini. Na sha ganin mace ta zauna da yaro yana suma tana ta danna lambar miji, don ba ta saba fita ba da saninsa ba, ko an miƙo mata takardar ƙarin jini ta ce sai ta ji daga bakin maigida. A wayar nan da za ku yi, ki roƙe shi ya ba ki izini gaba ɗaya, na fita asibiti ko ƙarfe nawa ne da na sa hannu a kan duk abin da likita ya ce. Ya turo da saƙon murya, ya kuma faɗa wa Hajiya da yayyensa da bakinsa. Ki sa shi ya zaɓi namiji ɗaya cikin 'yan'uwansa wanda zai zama shi ne mai tashi in an buga. Ya zaɓi mutum uku masu lafiya da za su ba da jini, a san rukunin jininsu tun yanzu. Ba lallai nasu za a sa wa yaron ba, musanya ake yi a ma'ajiyar jini, amma ba ranar da ake nema ake fara cigiya ba. Ku ware kuɗin asibiti daban da na cefane, a wurin da hannunki zai kai da dare, da lambar mai Keke Napep biyu na unguwarku waɗanda suka san gidan. Duk wannan shi zai tsara daga can, kuma da gangan na ce shi. Abin da ke cin uba a daji shi ne jin ba shi da amfani. In ya kwana yana buga wa ƙaninsa waya a kan masu ba da jini, ya yi wa ɗansa aiki, zai iya runtsawa. 'Yan'uwan nasa kuma a tuna musu hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa shi ma ya yi yaƙi.

Batun tahowa ba fas, ki hana shi da duk ƙarfinki. Barin bakin aiki ba izini laifi ne a dokar soja, a fagen daga kuma ya fi muni. Yana iya kai shi kotun soja, a tsayar da albashi, a kore shi, inshorar lafiyar da yaron yake cin moriyarta ta tafi tare da kakin. Ya zo ya ga ɗansa kwana uku, ya bar shi ba magani shekaru. Hanyar da ake bi tana nan, kuma ɓoyewar da kuka yi ita ce ta toshe ta, domin kwamanda ba ya ba da fas a kan "jikina yana ba ni gida ba lafiya." Takarda yake gani. Ki je wurin likitan da ya duba yaron ki nemi rahoto a rubuce, mai hatimi, da ranakun kwanciya da ƙarin jinin da aka yi. Ki ɗauki hotonsa ki tura wa mijinki, shi zai bi ta hannun samanjansa zuwa ga kwamanda ya nemi fas na uzuri. Kwafi ɗaya ki kai ofishin bataliyarsa na gida, wurin waɗanda aka bari a baya don lamuran iyali, su ma suna iya aika sigina. In a barikin Shadawanka kuke ko kuna da alaƙa da ita, Magajiya, shugabar matan sojoji, da limamin bariki sun san ƙofar da ake bugawa, kada ki ji nauyinsu, aikinsu ke nan. Ba zan yi miki alƙawarin za a ba shi ba, wannan ya danganta da halin da sansaninsu yake ciki da yawan waɗanda ke layi. Amma mai takarda yana gaban marar takarda. Wanda kuma ya kira ki ya ce ki turo kuɗi zai samo wa mijinki fas ko canjin wuri, ɗan damfara ne, ki kashe wayarki.

Ki duba ma ko sunan yaron ya shiga inshora. Tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, na sojoji kuma kamfanin DHML ne yake kula da shi. Sau da yawa ana haihuwa uban yana daji, ba a buga haihuwar a takardar bataliya ba, sai ranar ciwo a tarar yaro ba ya cikin rajista. Asibitin bariki ne matakin farko, su ne ke ba da takardar turawa babban asibiti. In gaggawa ce ki wuce kai tsaye, takarda ta biyo baya.

Hajiya kuwa, kada ta ji a bakin ɗanta. Ki je ki same ta kafin ki yi wayar, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ya riga ya gane, har yana cewa zai gudo, in ya gudo kuwa kama shi za a yi. Likita zai ba da takardar da za ta sa a ba shi hutu, amma sai ya sani. Na zo ki yi mini izini, ko ma ke ki fara yi masa magana." Uwar da ta ji kalmar kamu da kalmar hutu a zance ɗaya, da wuya ta tsaya kan bakanta. In ta tsaya, ki nemi wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko limamin unguwa. In duk an yi ta ƙi, ki gaya masa duk da haka. Ɗansa ne, kuma ke aka bar wa amana.

Wuri ɗaya ne na yarda kada mace ta ɗauki waya da kanta, shi ne rasuwa, Allah Ya kiyaye. Wannan ta hannun kwamanda da limami ake bi, su zaunar da shi, su karɓi makaminsa, su tsaya tare da shi. Ba a faɗa wa mai bindiga a hannu mutuwa yana tsaye shi kaɗai a kan tudu.

Ki sa kunne a kansa shi ma. In bayan ya ji gaskiya da mako biyu ko uku har yanzu ba ya barci, ko yana fushi ba dalili, ko maganarsa tana jan harshe kamar wanda ya sha wani abu, ko ya fara yi miki wasiyya a kowace waya, ki ce ya ga likitan sansaninsu, ki kuma sanar da limami. Tiramadol da makamantansa da sunan maganin gajiya suke shiga, na ga ƙarshen maza da yawa a kansu. Kada ki tambaye shi sunan garin da suke ko ranar da za su fita, kada kuma a sa hotonsa da kaki a Facebook ana neman addu'a. Ke ma ki nemi wadda za ta karɓe ki ki yi barcin rana, ki auna hawan jininki in kin je asibiti. Wata goma sha ɗaya kina uwa kina uba, jiki magayi ne.

Ku tsayar da rana biyu a mako da lokaci ɗaya na waya, ku yarda cewa in bai ji ki ba sabis ne, in da matsala ƙaninsa zai nemo shi ta ofis. Ranar da za ki gaya masa, ki kira daga tsakar gida da la'asar, lokacin da injin markaɗen nan yake aiki. In kin gama magana ki miƙa wa yaron wayar, ko shirme zai yi a bar shi ya yi har layin ya yanke.